Ranar da na zauna a kan bututu

Na hana gayyar ƙanena aiki. Mutanen unguwa sun fito da diga da shebur da guduma za su tone tsohon bututun ruwa su farfasa shi, na sauka cikin ramin na zauna a kansa. Abin da ya faru ke nan. Tun daga ranar baffanku Ila bai ƙara yi mini magana ba. Kun ji labarin a bakin mutane da yawa, wani ya ce saye na aka yi, wani ya ce kaina bai dawo daidai ba tun da na fito daga daji. Yanzu ku ji daga bakina. Ban yi boko ba, ni ke faɗa 'yar'uwarku Hadiza na rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Bututun nan na san shi tun ba a haifi ko ɗaya cikinku ba. Ina saurayi na baro Daudawa na zo Ƙanƙara cin rani, na samu aikin lebura wurin masu jawo ruwan famfo cikin gari. Bututu ne mai ruwan toka, ka ce siminti, amma in ya karye sai ka ga wasu siraran zaruruwa a bakinsa kamar gashin masara. Mu ke haƙa, mu ke ɗauka a kafaɗa, mu ke jerawa. Mai yankawa shi ne Malam Ɗan'azumi, ya ɗan girme ni, yana da zarto da ba ya bari kowa ya taɓa. In ya sa zarton sai farar ƙura ta tashi ta sauka mana a gira da gashin baki, mu riƙa tsokanar juna wai mun yi furfura ba mu yi aure ba. A cikin ƙurar muke zama mu ci rogo da ƙuli. Ba wanda ya ce mana komai. Da aikin ya ƙare na koma noma. Shi Ɗan'azumi ya zauna, duk inda bututu ya fashe shi ake kira ya yanke ya haɗa, har ya tsufa a kai.

Daga baya na samu gona a ƙasar Sabuwa, can na yi yawancin shekaruna, can aka haife ku. Abin da ya tashe mu kun sani, ba zan daɗe a kai ba. 'Yan bindiga sun zo da rana tsaka, suka kore shanu, suka harbe babban wanku a bakin gona, ni kuma suka tafi da ni. Damina guda na yi a daji. Na fito da yatsu biyu a hannun hagu da ba sa lanƙwasuwa har yau. Na tarar uwarku Rabi ta kwaso ku, da Sa'adatu matar marigayi da 'ya'yanta, kun taho Ƙanƙara wurin Ila. Ila ya ja katanga ya raba gidansa biyu ya ba mu rabi, bai tambaye ni komai ba. Ku riƙe wannan, kada abin da zan faɗa a gaba ya sa ku manta da shi.

Ba gona, ba shanu. Sai na lura duk inda tsohon bututu ya fashe aka sauya, ana yar da guntayen a gefen hanya. Na riƙa kwasowa a baro ina tsaga su biyu da zarto, su zama komin ba dabbobi abinci. Gara ba ta ci, ba ya tsatsa, rago ba ya iya kifar da shi. Masu kiwon layya suka yi ta saye. Ƙananan kuma in yi indararo da su. A tsakar gida nake yankan, uwarku ta share ƙurar da tsintsiya, jikoki su yi ta zane a cikinta da yatsa. Da wannan sana'a muka ci tuwo shekaru.

A shekarar da nake magana, bayan girbi, wani saƙon murya ya shigo wayoyin mutane. Wani ne da ba a san ko wane ne ba yake cewa tsofaffin bututun ruwa da asbestos aka yi su, abin nan da ake yin silin da shi, kuma in sun tsufa suna sakin gashinsu cikin ruwa, mai sha ya kamu da ciwon daji. Ruwanmu dama ba kullum yake zuwa ba, in ya zo kuma fari-fari yake fara fitowa. Mutane suka haɗa wannan da wancan. Ila ya fi kowa ɗauka. Matarsa Hajara ta rasu a shekarar da ta gabata, ciwon daji ne a cikinta, ya yi ta yawon asibiti da ita har ta cika a hannunsa. Sai ya zauna a zaure yana kunna saƙon yana maimaitawa, kamar wanda aka faɗa wa sunan wanda ya yi masa kisa. Ba a daɗe ba mata suka daina tarar famfo. Masu hali suka koma sayen ruwan burtsatse wurin 'yan garuwa. Marasa hali, mu ke nan, suka koma rafin da ke hanyar Mabai, suna tonon yashi suna ɗiba. Wurin bayan gari ne sosai, kuma a watannin nan ana jin babura a wajen.

Wata safiya na ga Sa'adatu ta ɗauki jarka, 'yarta na biye da bokiti.

"Ina za ki?" na ce.

"Rafi, Baba."

"Aje."

Uwarku ta leƙo daga madafa. "To mi za mu sha, Malam? Guba?"

"Shekara nawa kina shan ta?"

"Hajara ma ta sha ta."

"Ciwon da ake hwaɗi ban san shi ba. Waɗanda ke bayan rafin ga na san su. Na ba su ɗa guda, ba ni ƙara masu da matarshi."

"Kai komi sai ka ce ka sani. To tahi ka tambayo, tun da ba ka yarda da waya ba."

Ta faɗa ne don ta rufe mini baki. Na ɗauki guntun bututu na sa a aljihu na fita.

A ƙaramin asibitin unguwa akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Binta, ita ke duba jikokina in zazzaɓi ya kama su. Na jira layi ya zo kaina, na fito da guntun na ajiye mata a tebur. Ta dube shi, ta miƙe ta ɗauko buta ta tsiyaya masa ruwa, ta sa shi a leda ta ƙulle, sannan ta zauna.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Sana'ata ce. Yankawa nike."

"Da me?"

"Da zarto."

"A ina?"

"Tsakar gida."

Ta ture ledar gefe. Sannan ta yi mini bayani a hankali, ba ta raina ni ba. Ta ce maganar sha, masana sun daɗe suna bincike, har yanzu ba su samu tabbacin cewa shan ruwan ne ke kawo ciwon ba, kuma ita ba za ta rantse mini cewa babu komai ba. Bututu in ya tsufa ya kamata a sauya shi, wannan gaskiya ne. Amma ƙurar, ta ce, ba a jayayya a kanta. In ta shiga huhu ba ta fita, kuma tana iya yin shekara da shekaru shiru kafin ta nuna kanta. Bututun da ke kwance cikin danshin ƙasa ya fi zama lafiya a kan wanda aka tono aka fasa. Ruwan rafi kuwa, tun da mata suka koma can ake kawo mata yara da gudawa.

"To ruwan famfon mu sha?" na ce.

"Ku bar na farkon ya zube, ku tace, na yara ku tafasa. Ni ma shi nake sha, Baba. Amma zarton nan ka ajiye shi yau, ba gobe ba."

A hanyar gida Ɗan'azumi na tuna. Ya rasu 'yan shekaru kafin nan, kuma na je duba shi. A zaune yake barci, an jingina shi da bango. Fatiha ba ya iya kai ta ƙarshe sai ya tsaya ya nemi numfashi. Bai taɓa shan taba ba. Wasu suka ce asma ce, wasu suka ce sanyi ne. Ban ce ƙurar ce ta kashe shi ba, likita bai faɗa ba. Amma na ga yadda ya tafi, kuma na san abin da ya tsufa yana shaƙa.

Ina isa gida na kori yara waje, na jiƙa tsakar gidan sharkaf, na kankare ƙasar sama da shebur. Na haƙa rami a bayan gida na zuba ta, na jera duk komin da na yanka da wanda ban yanka ba, na ɗora zarton a sama. Uwarku na tsaye tana kallo har na zo kan guntun da ta ɗora randarta a kai.

"Har gindin randar tawa?"

"Har shi."

"Shekara da shekaru tana zaune bisanshi, ban ji ta yi tari ba."

"Randa ba ta da huhu."

Ta sauke randar da kanta. Da na fara mayar da ƙasa sai ta ce, "To da mi za mu ci?" Na ce ban sani ba tukuna. Daga ranar gidanmu ya koma famfo, kuma ba wadda ta ƙara taka hanyar rafi.

Sai Ila ya kira gayya. Ku da kuka girma a gari ba ku san nauyin gayya ba. In mutum ya kira, ya yanka akuya, an dama fura, an ɗauko makaɗi, ba a ƙin zuwa, balle ɗan'uwa ciki ɗaya. Kuma a gidanmu babba ne ke yin saran farko, kafin nan ba mai ɗaga hannu. Ni ne babba. Ban da haka, cikin waɗanda suka shimfiɗa bututun ni kaɗai na rage a unguwar, ni na san inda ya bi. Shirinsu shi ne a tone shi tun daga bakin titi har ƙarshen unguwa, a farfasa da guduma yadda ba zai mayu ba, dole hukuma ta kawo sabo. Ɓaraguzan kuma kowa ya ɗebi rabonsa ya cike ramukan ƙofar gida kafin damina. Ana gobe gayya, bayan la'asar, Ila ya shigo ya zauna a gefen tabarmata.

"Yaya, gobe kai za ka nuna muna hanya."

"Ba ni nunawa."

Na faɗa masa duk abin da Malama Binta ta ce, ban rage ba.

"Ita Malamar ta ce ruwan ba shi kisa?"

"Ta ce ba a tabbatar ba."

"Ni na tabbatar. Ni na sa Hajara a kabari."

"Allah shi jiƙan Hajara. Amma in kuka fasa abin ga, yaran unguwa za su shaƙa, har da naka."

"Kai da ka cika muna gida da ƙura shekara da shekaru, yau ka san yara?"

"Yau na sani. Shi ya sa."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Na je wurin mai unguwa, ya ce ya ji, amma mutane sun riga sun gama shawara, shi ba ya iya tare su.

Da hantsi na ji ganga. Ba su buƙaci in nuna ba. Kusa da masallaci akwai wurin da ciyawa ke kore ko da rani, samari suka tona nan suka same shi. Da na iso sun buɗe kamar tsawon mutum, bututun na kwance jiƙe a ƙasan ramin, kowa ya tsaya yana jiran saran farko. Makaɗin yana hango ni ya sauya kiɗa, ya ɗaga murya wai ga Malam Lawal mai komi ya zo kwasar ganima. Aka yi dariya. Ila bai yi dariya ba, amma na ga fuskarsa ta saki, ya zaci na sauko. Ya taho da kansa ya miƙo mini guduma da hannu biyu. Na karɓa. Na sauka ramin a hankali saboda gwiwa, na zauna a kan bututun, na kwantar da gudumar a cinyata. Ganga ta tsaya.

"Baba, tashi mana, rana na yi," in ji wani saurayi.

"Ta yi."

"Nawa masu ruwan famfo suka ba ka?" wani ya jefo daga baya.

Na ɗaga ƙafa na nuna masa takalmina. "Da sun ba ni da na sauya wanga."

Hajiya Tabawa mai fura, dattijuwa ce a unguwar, ta matso bakin ramin. "Malam Lawal, wato mu ci gaba da shan guba, mu yi shiru?"

"Hajiya, ban ce a yi shiru ba. A sauya shi. Amma abin da ke cikin ruwa ban gan shi ba, abin da ke cikin ƙurar ga na ga aikinshi. Wa ya je duba Ɗan'azumi kafin shi rasu?"

Da yawansu sun je.

"Yaya, fito," in ji Ila. "Gayyata ce."

"Taka ce. Saran farko nawa ne, kuma ban sara ba."

"Ka zaɓi bututu ka bar matata."

"Matarka ta tahi, Ila. Ɗiyanta na nan."

Na nuna su. Suna tsugune a bakin ramin da sauran yara, baki buɗe, daidai inda ƙurar za ta tashi. Na san maganar ta yi nauyi, ba ni da wata. Ila ya dube su, ya dube ni. Yana iya karɓar wata gudumar, akwai su a hannun mutane, kuma ba zan iya hana shi ba. Bai karɓa ba. Ya kama hannun ƙaramar 'yarsa ya juya, mutane suka buɗe masa hanya.

Wasu suka bi shi. Sauran suka yi cirko-cirko. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce an yanka akuya, an dafa abinci, kuma gayya ba ta watsewa ba a yi aiki ba, abin kunya ne ga wanda ya kira.

"Malam Lawal, ka hana wannan. To ba mu wani aikin."

Na ce a mayar da ƙasa a rufe wannan. A haƙa sabon rami a gefe, nesa da shi kaɗan, ranar da bututun roba ya samu sai shimfiɗawa kawai. Sannan ne na nuna musu hanya. Na shige gaba ina jan layi da sanda, ina faɗa musu nan ya bi, nan ya karkata, kada diga ta taɓa. Na yi saran farko a sabon wurin, makaɗi ya ɗauki gangarsa.

Kada ku zaci daga nan aka gode mini. Ramin nan damina guda ya yi ba komai a ciki sai ruwa da sauro. Akuyar wani ta faɗa ta karye. Aka sa masa suna ramin Lawal, yara na rera shi in na wuce. Mai unguwa da dattawa suka yi ta zirga-zirga ofishin masu ruwa, ni ma ina binsu. Malama Binta kuma duk ranar awo sai ta yi wa mata bayani, har suka fara komawa famfo, ba duka ba. A cikin ranin an tare wasu mata a hanyar rafin nan. Ba na gidanmu ba ne, kuma ban je na ce wa kowa ai na faɗa ba. Bututun roba ya zo daga baya, aka shimfiɗa shi a ramin da muka haƙa. Layinmu kaɗai ya samu. Sauran gari har yau tsohon ne.

Sana'a kuwa na koma tsaga tsohon duro biyu ina yin komi da shi. Ba ya kawo abin da wancan ke kawowa, kun ga yadda miya ta koma a shekarun. Na bi gidajen da na san na kai na bututu, ina karɓowa ina ba su na duro, in binne. Wasu sun bayar. Wani Alhaji ya ce ragonsa ya fi ni lafiya, in bar masa kayansa. Na ce to kada dai ya kankare shi, kada ya fasa, na tafi.

Ila bai jira an kawo na roba ba. Kafin damina ya kwashe 'ya'yansa ya koma Faskari yana awon hatsi, ya sa kwaɗo a rabinsa na gidan. Bai ce mu tashi ba. In wani zai zo Ƙanƙara yana aiko wa uwarku da gaisuwa, ni ba ya aiko mini. Na je har can sau ɗaya, aka ce ya fita, takalminsa na ƙofar ɗaki. Ban ga laifinsa ba. Yana neman abin da ya kashe masa mata, ya samu abin da zai iya duka da guduma, na zauna a kai. Ku riƙa zuwa kuna gaishe shi, ubanku ne. In ya zage ni ku yi shiru. In ya tambaya ko na yi nadama ku ce a'a.

Yanzu ina nan Ƙanƙara, a rabin gidan da ƙanena ya ba ni. In na yi 'yar tafiya numfashina yana gajarta. An ɗauki hoton ƙirjina, an ce in riƙa dawowa, ina komawa. Ko tsufa ne ko ƙurar ce, Allah ya sani. Jikokin da suka yi zane a cikinta ina kallonsu, zuwa yanzu lafiyarsu ƙalau. Tsohon bututun yana nan inda muka kwantar da shi. Ya bi ta gaban masallaci, ya karkata wajen bishiyar darbejiya, ya wuce ta ƙofar gidan nan, daidai inda nake shimfiɗa tabarma. Na nuna wa Hadiza, na nuna wa Sa'adatu. Duk wanda zai yi gini ko ya haƙa masai a layin nan, wurina yake fara zuwa. Ranar da ba ni, ku ne za ku nuna masa.